Gadon Japan a Ɗakin Safi

Filinge, 9 ga Nuwamba 1990

Zuwa ga jikana Sahabi, kafinta a Yamai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da maiɗakinka da yara. Ni ne Kailu tsohon soja, ɗan baffan kakarka. Na faɗi haka ne ko ka manta, don rabonka da nan ƙasarmu ta Kurfai an yi damina shida. Mu nan lafiya. Gero ya shiga rumbu, bai cika shi ba, amma ba mu ji kunya ba. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Safi, matar nan tawa da tun kana yawo ba wando kake cewa taka ce. Ta faɗi. Ranar Talata da hantsi za ta sauko daga gado, ƙafa ta kuskure kujerar da take takawa, ta zube a kan ƙugu. A gidan likita sun ce ƙashi bai karye ba, amma ba ta iya daka, ba ta iya ɗaukar tulu. Ɗiyarmu Muna ta zo ta tafi da ita Damana, gidan aurenta, jinya, wata ɗaya ko biyu.

Ka san gadon. Na ƙarfe ne mai rumfa, bisansa ya kai cibiyata. Ubanta ya kawo shi daga Sakkwato a kan raƙumi shekarar da anka ɗaura mana aure, yau shekara arba'in da huɗu. Lokacin tana hawansa kamar akuya a kan dutse. Yanzu kullum in za ta hau sai na kau da kai, don in ta ga ina kallo sai ta ce ko na rasa aikin yi.

Magagi direba ya ce mini wani mutumin Japan ya koya maka wani irin gado na katako, gajere kamar kunkuru, ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Na ce ƙarya yake yi, ya rantse. In gaskiya ne, ina son ɗaya kafin ta dawo. Ka bayyana mini irinsu in zaɓa. Kada maganar ta kai Damana, so nake ta shigo ɗaki ta ishe shi.

Naka,
Kailu

Yamai, 20 ga Nuwamba 1990

Kaka Kailu, abokin takarata,

Na samu takardarka, na ji daɗin jin kuna lafiya, ban ji daɗin labarin matata ba. Na bar maka ita amana ka bari ta faɗi. Allah Ya ba ta sauƙi. Mu nan lafiya, sai ƙaramar da ke haƙora.

Magagi bai yi ƙarya ba. Shekara biyu munka yi da mutumin a atilye, shagon aikinmu, kafin ya koma ƙasarsu. Katako huɗu ne ake yanka wa baki a kusurwa, wanga ya shiga cikin wancan, a buga da guduma ta icce su riƙe juna. Sai a jera sirara a tsakiya, a ɗora katifa marar kauri. In an so tashi, a buge shi ya rabu, mutum ɗaya ya ɗaure ya ɗauka.

Ga abin da za ka zaɓa. Farin katako ba shi da nauyi, amma gara na son sa, kuma ɗakinku daɓen ƙasa ne. Maɗaci ya fi nauyi, gara ba ta kusantarsa. Akwai mai allon jingina a wajen kai, akwai marar shi. Sai bisa: akwai na taƙi ɗaya, shi ne irin nasu na asali, akwai na taƙi ɗaya da rabi, akwai wanda ya kai gwiwa.

Bisan nan shi ne magana, Kaka. Maigidan nawa ɗan Japan ba ya yanka katako sai ya zaunar da mai gadon ya auna daga diddige zuwa bayan gwiwa. Su can tun suna yara suke kwana kusa da ƙasa, ƙafafunsu sun saba. Ka sa Muna ta auna mini da igiya, kuma a tambayi mai ɗakin wanne take so. Ka auna ɗakin ma, don yadda na tuna shi ba zai ɗauki gado biyu ba.

Ka gaishe ta, ka ce mijinta na Yamai yana nan tafe da abin da kai ka kasa.

Jikanka,
Sahabi

Filinge, 2 ga Disamba 1990

Sahabi,

Lafiya muke, ina fatan haƙoran sun fito. An aiko daga Damana cewa Safi ta fara takawa da sanda, har ta fara gyara wa matan gidan yadda ake tankaɗe. Ka ga sauƙi ya samu ke nan.

Na karanta takardarka sau biyu a gindin itacen bedi. Na zaɓi maɗaci. Allon jingina ba na so, ba ofis za ta buɗe ba. Bisa kuwa a yi na taƙi ɗaya, irin nasu na asali. Mace ta faɗo daga sama, kai kuma kana tambayata ko a ƙara mata sama? Wanda ya faɗo daga taƙi ɗaya ai juyi ya yi.

Maganar igiya da tambaya ka bar ta. In na aika Muna ta auna ƙafar uwarta, kafin la'asar duk Damana ta ji, har da jakunansu. Kuma shekara arba'in da huɗu ina zaune da matar nan, na san tsawon ƙafarta fiye da mutumin Japan. In na tambaye ta cewa za ta yi a bari, kamar yadda ta ce a bari lokacin da na kawo fitilar ƙwai, yau ga shi ba ta rabuwa da ita. Mu a soja ba a tambayar mai rauni ko yana son a ɗauke shi.

Ka yi gaskiya, ɗakin ba zai ɗauki gado biyu ba. Na auna da ƙafa. Zan san yadda na yi da tsohon kafin naka ya iso.

Naka,
Kailu

Yamai, 10 ga Disamba 1990

Kaka,

Muna lafiya. Na ba Magagi wagga takarda hannu da hannu don ta riga gadon isowa. Gadon zai biyo babbar mota nan da kwana goma.

Na yanka maɗacin yadda ka ce, ko da yake raina bai kwanta da taƙi ɗaya ba. Wannan mai gyaruwa ne, in bai yi ba sai in yi masa ƙafafu. Abin da ya tsaya mini shi ne layinka na ƙarshe. Da na ce ɗakin ba zai ɗauki gado biyu ba, ba cewa na yi a fitar da tsohon ba. Nufina a yi shawara da ita inda za a sa kowanne. Na karanta wa maiɗakina, ta ajiye ludayi ta ce in rubuto maka yau ɗin nan: gadon ba naka ba ne, na gidan ubanta ne, ko tsintsiya ba a sa wa ƙarƙashinsa sai da saninta.

Don Allah kada ka taɓa shi. Ka haɗa sabon a zaure ko a ɗakinka, ta zo ta gani, ta zauna, ta tashi, ta faɗi da bakinta. Ba wasan jika nake yi ba wanga karo.

Sahabi

Filinge, 24 ga Disamba 1990

Jikana Sahabi,

Gaisuwa da godiya. Ban samu amsar takardata ba, amma gado ya iso, shi ne amsa. Lafiya lau muke.

Hannunka ya iya aiki. Na kwance ɗaurin a ƙofar gida don haske, na bi alamomin da ka zana da alli, na buga da taɓarya tunda ba ni da gudumarku. Kowane baki ya faɗa cikin ɗan'uwansa. Na hau na yi tsalle biyu, gwiwata ce ta yi ƙara, shi bai yi ba.

Sai dai na yi wauta ɗaya da za ka yi dariya. Maimakon in sake raba shi, na kira mutum huɗu sunka ɗauka a kafaɗa, munka bi ta gefen darni. Daidai lokacin anka sallame la'asar. Ka ƙiyasta: katako shimfiɗaɗɗe, ba kai ba ƙafa, a kafaɗar mutum huɗu, zai shiga gidan da kowa ya san matar gidan ba ta da lafiya. Kafin mu kai ƙofar ɗaki rabin masallaci na bayanmu suna salati. Liman ya riƙe hannuna ya ce, "Sarjan, yaushe?" Na ce, "Ɗazu da azahar, a babbar mota." Ya ce, "Allah Ya jiƙanta." Sai a nan na gane makara sunka ɗauke shi. Da ƙyar na sallami mutane, wasu har sun ji haushin an tashe su a banza.

Tsohon gadon kuwa Allah Ya kawo masa wuri. Maƙwabcinmu Na'Allah zai kai ɗiyarsa Dijatu ɗaki a Bonkuku, kuma gonarsa ba ta yi ba bana. Na ishe shi yana shirin kai yarinya da gadon kara. Na ce ya kawo amalanke. Mutumin nan ya rasa bakin godiya, matarsa ta yi ta guɗa. Jiya anka tafi da amarya da gadonta, ya sha sabon fenti shuɗi.

Kwanoni da ƙwarya da ƙullin zannuwa da ke ƙarƙashinsa na jera su a kusurwa, don naka ko kyanwa ba za ta shiga ƙarƙashinsa ba. Duwatsu huɗu da ƙafafunsa ke kai na fitar tsakar gida. Ɗaki ya yi fili kamar ba shi ba.

Ranar Juma'a ta sama Muna za ta kawo Safi. Na sa an yi sabon daɓe.

Naka,
Kailu

Filinge, 12 ga Janairu 1991

Sahabi,

Jikina lafiya. Ina fatan kuna lafiya.

Jiya Magagi ya kawo mini takardarka ta goma ga Disamba. Motarsa ta mutu a Baleyara, ta yi sati huɗu tana jiran ƙarfe daga Yamai, takardar na cikin aljihun mota tare da takardun jandarma. Ya ba ni haƙuri. Na ce ba komai, don ko ta iso a kan lokaci ban tabbata da na ji ba.

Safi ta zo ranar da anka ce. Da la'asar sunka sauka, tana dogara sanda, Muna na riƙe da ƙullinta. Na sha gabansu na ɗaga labule. Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe.

Ta ce, "Ina gadona?"

Na ce, "Ga shi nan, Innar Muna. Daga Yamai, irin na Japan, mijinki Sahabi ya yi da hannunsa."

Ta ce, "Na ce gadona."

Na faɗa mata. Na ma ƙara da yadda matar Na'Allah ta yi guɗa, ina zaton zai taimaka. Muna ta sunkuyar da kai.

Ba ta ɗaga murya ba, ka san ba ta yi. Ta taka ta je ta zauna a kan naka, don kada a ce ba ta gwada ba. Zama ya yi, ko da yake faɗawa ta yi a ƙarshensa. Tashi ne ya gagara. Gwiwoyinta sun fi ƙugunta bisa, ta dafa nan ta dafa can, ba allo ba ƙarfe, ba abin kamawa. Sai da ni da Muna munka ɗaga ta kamar buhu. Abin da kake nufi da igiya ke nan. Na gane shi ina riƙe da hammatarta.

Da ta miƙe ta ce, "An gaya mini a Damana an ga makarata ta shiga gida, na yi dariya. Ashe ba su yi ƙarya da yawa ba." Na ce don kada ta sake faɗuwa na yi. Ta ce, "Gida naka ne, rumbu naka ne, awakin ma in ka so ka ce naka ne. Abu ɗaya na shigo da shi gidan nan da sunan ubana. A kansa na haifi bakwai, a kansa na yi jinyar huɗun da sunka koma. Mace in an fitar da gadonta daga ɗaki, ko an sake ta ko ta mutu. Wanne ne nawa, Sarjan?"

Na yi yaƙi a ƙasashe biyu, an tambaye ni abubuwa da bakin bindiga, ban taɓa rasa magana haka ba.

Da munka fito tsakar gida Muna ta nuna mini duwatsun nan huɗu ta ce a hankali, "Baba, ba kai ka sa su ba shekarar da ruwa ya shiga ɗaki? Da su kaɗai ka cire, ai da ya sauko taƙi ɗaya da rabi." Haka ne. Ni na sa su, na manta gadon ba da su anka ƙera shi ba.

Safi ta kwana ɗakin baƙi. Da safe ta ɗauki ƙullin zannuwanta, ta bar kwanonin, sunka koma Damana. Ba ta ce yaji ba ne. Cewa ta yi ba ta da wurin kwana a nan.

Kailu

Yamai, 25 ga Janairu 1991

Kaka Kailu,

Muna lafiya, amma takardarka ta hana ni aiki yini guda. Da laifina a ciki. Na san taƙi ɗaya bai dace da mai ciwon ƙugu ba, na yanka don ka ce, kuma don ina son a ga irin na asali a Filinge. Wanda ya koya mini da ajiye zarto zai yi har sai an kawo awo.

Zan iya yi masa ƙafafu da allon kamawa cikin kwana uku. Amma maiɗakina ta ce ko na zinariya na yi ba shi ne maganar ba, kuma na yarda da ita. Ka je Bonkuku. Ka faɗa musu gaskiya, cewa ka ba da abin da ba naka ba. Ni zan yi wa Dijatu gado mai bisa, mai allo da madubi, wanda duk Imanan, yankin su Bonkuku, ba a taɓa gani ba, a musanya. Ka yi sauri kafin ta saba da shi.

Ban aika gaisuwa ga Kaka Safi ba, ina jin kunyarta. In ka ga fuska ka isar.

Sahabi

Filinge, 17 ga Maris 1991

Jikana,

Ka yi haƙuri da jinkiri. Lafiya nake, sai dai tuwon da matar Na'Allah ke aiko mini ya fi kama da na gini. Ina ci ina godiya, tunda ni na jawo.

Na je Bonkuku ranar kasuwarsu. Tun daga Filinge nake tsara maganata, har a shingen jandarma da anka sauke mu ina maimaita ta. Uwar mijin Dijatu ta tarbe ni da fofo da fofo, wato sannu da yarensu, anka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakin amarya. Labule a ɗage, ina ganin gadon. Amarya ta sa masa zanen rufi mai fure, ta jera kwanoninta a ƙarƙashi daidai yadda Safi ke yi.

Dijatu ta durƙusa ta ajiye mini fura ta ce, "Baba Sarjan, ka rufa mini asiri. Matan gidan nan sun so su raina ni don sun ji gonarmu ba ta yi ba. Da anka sauke gadon nan ba wadda ta sake magana."

Na buɗe baki, sai na hango amalanke a ƙofar gidan nan, da mata a kan darni suna kallon ana fitar da gadon amaryar wata uku. Wa zai tsaya jin labarin madubi da ke tafe daga Yamai? Abin da na yi wa tsohuwa da rashin sani zan yi wa yarinya da sani. Na shanye furar, na sa albarka, na tashi.

Daga nan na wuce Damana. Na ishe Safi a rumfa, zaune a kan gadon kara mai bisa da surukinmu mijin Muna ya ɗaura mata, tana tsinkar zogale. Ta amsa gaisuwata kamar ta baƙon da ake girmamawa. Na faɗa mata inda na fito da abin da na kasa.

Ta ce, "Da ka ɗauko shi da ban ƙara kallon fuskarka ba."

Na ce to mi zan yi?

Ta ci gaba da tsinka. Can ta ce, "Ka san wa ya yanke wa Dijatu cibi? Ni. Tun da na ji an sa ranarta nake tunanin gadon nan. Muna tana da nata, ni kuma hawansa ya fara fin ƙarfina, na sani ba sai na faɗi ba. Da ka tambaye ni, da ni zan kira uwarta in ba ta da hannuna, in raka shi har bakin amalanke. Sai a ce Safi ta ba da gadon ubanta. Yanzu mi ake cewa?"

Na san abin da ake cewa. Ana cewa Sarjan mutumin kirki ne.

Na isar da gaisuwarka. Ta ce kai yaro ne, abin da anka sa ka ka yi. Kada ka yi ƙafafun, kada ka yi na madubin.

Kailu

Filinge, 21 ga Agusta 1991

Sahabi jikana,

Gaisuwa mai yawa. Takardunka biyu sun iso, ban amsa ba don ba ni da sabon labari. Ruwa ya yi kyau bana, gero ya fara fitar da kai. Rediyo kullum taron ƙasa na Yamai, mutane na miƙewa suna faɗin abin da sunka haɗiye shekara goma sha bakwai a ƙarƙashin masu kaki. Muna saurare a gindin bedi, ana ta tsokanata wai zamaninmu ya ƙare. Ba na musu.

Tun Maris duk sati biyu ina Damana. Sau uku na roƙi Safi ta dawo. Na farko ta ce sai zafi ya wuce. Na biyu ta ce sai an yi shuka. Na uku ta daina ba ni lokaci, ta ce, "Ɗakin da na sani babu shi. Na tsufa da koyon sabon ɗaki. Nan jikoki na ɗebo mini ruwa, in na tashi akwai kafaɗar da zan dafa." Ba da fushi ta faɗa ba, shi ya sa na san ta gama.

Ka san ba zan zauna gidan suruki ba, ko kwana ba na yi, motar yamma nake bi in dawo. Amma akwai Tahiru da munka yi soja tare, gidansa na bayan kasuwar Damana, yana da ɗaki a zaure da ba kowa. Ya ce in zo. Har na sa hannu a aljihu zan ba shi goron magana, sai na mayar. Na ce ya dakata, akwai wadda zan fara gani.

Na je na zauna a bakin rumfarta na ce, "Innar Muna, shawara na kawo. In kin yarda, bayan girbi zan rufe gidan Filinge in dawo ɗakin Tahiru. In ba ki yarda ba, ina nan inda nake."

Ta dube ni tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Gidan ubanka za ka rufe?" Na ce shi. Ta ce, "A ce da kai mi a Filinge?" Na ce duk abin da sunka ga dama. Sai ta ce, "Ka zo. Ba don na huce ba. Don ka rame ne, kuma mutane za su ce ni na yi."

To haka ake ciki. Gona zan bar wa Na'Allah ya noma mu raba, awaki za su bi ni. A gidan nan anka haife ni, a nan na yi zaton za a ɗauke ni, ga shi zan fita da ƙafata a shekara saba'in saboda aikin yini ɗaya. Gadonka yana ɗakinta, ba abin da ya same shi, gara ta zagaya shi ta ci ƙofa. Aiki ne mai kyau, kada ka daina yin irinsa don ni.

Daga watan Nuwamba, in za ka rubuto, ka ce wa Magagi ya sauke takardar a Damana, gidan Tahiru tsohon soja, bayan kasuwa. In da hantsi ya zo ba zai ishe ni ba, Safi ta ce in riƙa zuwa karin kumallo.

Naka,
Kailu